Rashin Barcin Sabon Ɗan Kasuwa, Daga Salaga Zuwa Akodesewa



Da kwamitin shirya bikin cikar shekarun ƙungiya ya ce in rubuta wani abu na tarihi a wannan fitowa, na san jerin shugabannin da suka gabata ake nufi, da yadda aka samu ofis. Wannan wani ya riga ya yi shi, kuma ya fi ni sani. Ni littafin rajista ne ya zaɓa mini abin da zan rubuta, domin a hannuna yake. Kowace shekara ina shigar da sababbin sunaye, yawanci matasa maza da mata da suka haɗa jari a karon farko, kuma kowace shekara ina jan layi a kan wasu daga cikin na bara. Ba dukkansu ne jari ya karye wa ba. Akwai waɗanda kayansu na tafiya daidai gwargwado, su ne dai jikinsu da zuciyarsu suka gaza.

Watannin baya wani yaro ya zo biyan kuɗin wata, na ga hannunsa na rawa yana ƙirga. Kwantenarsa ta farko ta maƙale a tashar jiragen ruwa saboda kuskure a takarda, kuɗin kwanan kaya na hawa kullum, wanda ya ba shi bashi na kira safe da yamma. Ya ce mini rabonsa da barcin kirki tun ranar da jirgi ya iso. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa mahaifinsa ba. Ni ya gaya wa, don a wurinsa ni mai rubuta rasit ne kawai, ba zai ji kunyata ba. Tun ranar nake tambayar dattawa, ina kuma duba ɗan abin da aka rubuta, in ji yadda na da suka yi da irin wannan dare.

A fara da goro, tunda shi ya fito da kakannin yawancinmu daga ƙasar Hausa. Fatake kan taso daga Kano ko Katsina ko Jega da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, su haye Kwara, su ratsa Borgu ta Nikki da Zugu, wasu su bi ta Sansanin Mango da Yandi, har su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. A can ake haɗuwa da goron da ya fito daga dajin Asante. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara sukutum. Kuma goro haja ce mai rai. Sai an naɗe shi da ganyen fita, ana yayyafa ruwa, ana kwance huhu bayan 'yan kwanaki ana tsince wanda sankara ta taɓa kafin ya lalata sauran. Mutum na tafe da dukiyarsa a bayan jaki tana iya ruɓewa a hankali, ga 'yan fashi, ga kogi, ga sarakunan hanya kowa da kuɗin da zai karɓa. In fargaba ake magana, ba mu fi su ba.

Bambancin shi ne ba mutum ɗaya ke ɗauke da ita duka ba. Ayari yana da madugu, shi ke zaɓen hanya, shi ke zama da sarkin gari a daidaita kuɗin wucewa. Akwai jagaba mai yin gaba ya duba hanya da wurin sauka. Akwai uban dawaki mai tara abin da kowa zai bayar. Akwai malamin ayari mai addu'a da rubuta wasiƙa. Ƙaramin farke ba ya kwana yana tunanin abin da zai faɗa wa sarkin Nikki, wannan ciwon kan madugu ne. Nasa shi ne jakinsa da huhunsa. In an isa Salaga kuma sai a sauka gidan maigida. Shi zai ba ka ɗaki da abinci, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillali, ya yi maka tafinta, in an sayi kayanka bashi shi ne lamuni. Mai saye ya gudu, maigida zai biya, don sunansa shi ne jarinsa. La'adar da yake ci, a gaskiya kuɗin barcin baƙonsa ce.

Sa'annan babu mai wayar gari ya zama mai kansa. Yaro kan bi ubansa ko ubangidansa tafiya biyu, uku, ko fiye, yana kora jaki, yana kallon yadda ake ciniki. Daga baya a bar shi ya ɗora ɗan kayansa a gefen na maigida. In ya yi asara, ƙarama ce, kuma a gaban wanda zai nuna masa inda ya kuskure. In lokacin ba shi jari ya yi, akwai ƙa'idar da malamanmu ke karantarwa a babin ciniki na Risala, wato ƙirali: mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai aiki ya kawo ƙarfinsa, a raba riba yadda aka yi alkawari. In aka yi asara ba da sakacin mai aiki ba, a kan mai kuɗi take, shi mai aiki wahalarsa ce ta tafi. Ku kwatanta wannan da bashin da yaranmu ke ci yau, wanda ranar biya ba ta san an rufe iyaka ba.

Kada in yi wa da kwalliyar da ba ta da ita. Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya a ka cikin waɗannan ayarori ba da son ransu suke tafe ba. Sauƙin da farke ya samu, wani ɓangarensa a wuyan bawa aka ɗora shi. Ko cikin 'ya'ya ma, akwai maigidan da zai riƙe yaro shekara da shekaru yana yi masa alkawarin jari har furfura ta fito. Wannan na biyun bai mutu ba, kun sani na sani.

Tsarin ya sha gwaji. A 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, Asante kuma ta juya goronta zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke a Salaga kanta, baƙi suka watse. Masu gidajen da suka yi shekaru suna gina suna suka fita da abin da za su iya ɗauka. Da yawa suka gangara Kete-Karachi a bakin kogin Volta, wadda a lokacin ta faɗa hannun Jamus tare da Togo, wasu suka ci gaba har bakin teku. Abin lura shi ne duk inda suka sauka, ba su jira sun farfaɗo ba kafin su sake kafa zango da masallaci da gidan saukar baƙi. Shi suka fara yi.

Cikin waɗanda suka zauna Kete-Karachi akwai Alhaji Umaru, malami haifaffen Kano wanda ya tashi cikin fatauci, ya zama limamin garin, ya rasu a 1934. Ya rubuta littafin koyar da rubuta wasiƙa, abin da ɗan kasuwan da ya yi nisa da gida ke bukata. Ya kuma yi Waƙar Talauci da Wadata, inda ya nuna yadda jama'a ke wulaƙanta wanda ba shi da komai, suna girmama mai abin hannu. Ina ganin ya taɓa ainihin ciwon. Yaron nan da ya zo ofis, da na matsa masa da tambaya, ba yunwa yake tsoro ba. Tsoronsa a ce a unguwa wane ya ci jarin da aka ba shi. Kunya ce ta hana shi barci, ita ce kuma ta rufe masa baki.

Abin da ya raba ayari, ba yaƙi ba ne, sauƙi ne. Jamus ta kafa ikonta a wannan gaɓa a 1884, Lome ta zama hedikwata a 1897, aka gama gadar sauke kaya a teku a 1904, jirgin ƙasa ya kai Kpalime a 1907. A Najeriya dogo ya isa Kano a 1911. Goro ya koma bin jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, daga nan ya hau jirgin ƙasa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan hanya ta ruwa kafin ya shiga gyaɗa. Tafiyar watanni ta koma ta makonni, mutum ɗaya na iya raka kayansa ba madugu ba jagaba. Riba ta ƙaru. Amma tunanin hanya da na kuɗin fito da na takarda, wanda a da aka raba wa mutum huɗu, ya dawo kan mai kaya shi kaɗai.

Maigida dai bai tafi ba, musamman a nan Lome. Hausawa na cikin garin tun farkon kafuwarsa, kuma Zongo ya rayu a kan goro da shanu. Mai shanu ya zo daga arewa bai san mahauci ko ɗaya ba, maigida zai sauke shi, ya sayar wa mahauta bashi da lamuninsa, ya bi ya karɓo. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna cikin mutanen Zongo ya rubuta littafi a kan wannan, ya fito a 1983. Lokacin da ya zo, babban abin ya riga ya faru: a 1977 aka tashi Zongo daga tsakiyar gari aka kai shi wajen kilomita 15 arewa, ta gefen Togblekope. Ba shi ne karo na farko da aka matsar da Zongo ba, amma shi ne mafi nisa.

Mahaifina saurayi ne a lokacin, bai daɗe da karɓar jarin goro daga ubangidansa ba. Yakan ce kasuwa na bakin ƙofarsu, rana ɗaya ta koma tafiyar mota. Masu saye da suka saba leƙowa suka daina, kuɗin mota ya cinye ɗan abin da yake samu, goro na bushewa a hannunsa. Ya rame har mahaifiyarsa ta ɗauka sammu ne. Abin da ya cece shi, in ji shi, ubangidan nan ya lura. Bai yi masa wa'azi ba. Ya ce kullum bayan isha'i ya zo da lissafin ranar, su zauna a tabarma su ƙirga tare. Daren farko da suka ƙirga, asarar ta fito ƙasa da rabin abin da yake ɗauke da shi a zuciya. Sa'annan dattijon ya karɓi sauran goron ya haɗa da nasa ya sayar, ya ce sai bayan salla a yi maganar bashi. Mahaifina ya ce daren nan ya yi barci har ya makara asuba. Ya ba ni wannan labari sau da yawa ina yaro, ban gane amfaninsa ba sai da na zauna a wannan kujera.

Girgizar da ta biyo baya, da yawanku kun fi ni saninta. Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986. Yajin aikin gama-gari da aka fara a Nuwamban 1992 ya tsayar da Lome watanni. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ke da kaya a sito ya wayi gari da riba, wanda ya ci bashin kaya daga Turai ya wayi gari bashinsa ya ninka. Tsoho a kasuwa yana da duka biyun, ɗaya ya rufe ɗaya. Sabon shiga yawanci bashin kaɗai gare shi. A Janairun 2013 gobara ta cinye kasuwar Kara, bayan kwana biyu ta cinye babban ginin kasuwar Adawlato, mata masu atamfa da suka gāji sana'ar daga iyayensu suka tsaya suna kallon toka. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Seme a rufe, motoci a jere, tumatir na ruɓewa. Kafin a numfasa korona ta rufe Aflawo da Sanbikonji. Duk wanda ya fara kasuwancin ƙetare iyaka a wannan gaɓa, cikin shekarunsa na farko sai ɗaya daga irin waɗannan ta same shi. Ban ga dalilin da za mu riƙa ɓoye wa sababbi wannan ba, muna nuna musu motar Alhaji kawai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na baya-bayan nan. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da hanyar Kwatano ta toshe, kayan Yamai da Maraɗi suka koma fita ta tasharmu, su hau arewa zuwa Sinkase, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera. Saboda rashin tsaro, sai motoci sun taru da yawa, sojoji su raka su. Wato ayari ya dawo, bayan shekara fiye da ɗari. Jira na makonni, kuɗi na zuba. Amma na lura da wani abu a membobinmu. Waɗanda suka bi kayansu suka yi jiran tare da direbobi, ana dafa shayi ana cin tuwo kwano ɗaya, sun dawo a gajiye amma da hankalinsu. Wanda ya zauna a ɗaki a nan Akodesewa yana duba WhatsApp kowane minti biyar, yana sauraron kowace jita-jita, shi ne muka raka asibiti aka ce jininsa ya hau.

Wayar nan ta yi mana rana, ba na musu. Da ita yaro ke sayen kaya a Sin ko Dubai bai taka ƙafarsa can ba, ya biya mai fitar masa da kaya ta Flooz, ya sayar a Facebook. Sai dai ita ce ta ƙarasa abin da jirgin ruwa ya fara. Yanzu shi ne madugu, shi ne dillali, shi ne mai lamuni, shi ne malamin lissafi, kuma kasuwarsa ba ta tashi. Farke in rana ta faɗi ya sauke wa jaki kaya, babu sauran abin da zai iya yi sai gobe. Namu ƙarfe biyun dare saƙo na shigowa daga inda gari ya waye. Wasu kuma, mu faɗi gaskiya, da tiramadol da shayi mai ƙarfi suke jan jiki, suna cewa ƙarfin aiki ne.

Da na tattara abin da dattawa suka faɗa mini, ban samu wani sirri ba. Ɗaya ta ce tun tana yarinya uwarta ta hana ta haɗa kuɗin cefane da na jari a ƙulli ɗaya, don in sun haɗu kowace ƙwaryar shinkafa da aka dafa sai ka ji kamar jarinka ake ci. Wani ya ce bai taɓa zuba duk abin da yake da shi a mota ɗaya ba, ko da ribar za ta ragu. Wani Alhaji da ya yi shekara fiye da talatin a hanyar Ikko ya ce in ka ga ba za ka iya biya ranar alkawari ba, ka je da ƙafarka kwana uku kafin ranar, ka ɗauki dattijo ɗaya ya raka ka. Mai bashi ya fi jin haushin wanda ya kashe waya a kan wanda ya zo hannu sake. Kusan dukkansu sun ambaci rubuta lissafi kullum da nuna wa wani. Wannan na ƙarshen shi yaranmu suka fi ƙi, suna ganin tona asiri ne. Ni kuwa ina ganin tsoron baki da hassada da muke koya musu ya yi yawa, har ya hana su neman wanda zai ƙirga tare da su. Addu'a wajibi ce, babu mai ja. Amma ciwon kai kullum, bugun zuciya, rashin barci na makonni, a je a auna jini. In kuma mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita.

Ƙungiya irin tamu, in aka duba, jikar ayari ce. Muna zama da jami'an iyaka a madadin membobi, aikin madugu ke nan. Muna tara kuɗin wata da adashi, aikin uban dawaki. Aikin maigida ne muka bari ya faɗi. Muna karɓar kuɗin rajistar sabon shiga, mu ba shi kati, shi ke nan, sai in ya mutu mu yi karo-karo. Saboda haka na miƙa wa kwamiti shawara biyu da za a karanta a babban taro. Ta farko, duk wanda ya yi rajista a haɗa shi da tsohon memba ɗaya mai irin hajarsa har shekara guda, su riƙa zama a kan lissafi ko sau biyu ne a wata, kuma a rubuta a fili cewa dattijon ba shi da kaso a ribar yaron, don kada tsohuwar cuta ta dawo da sabon suna. Ta biyu, wani ɓangare na asusun taimako ya riƙa fita a matsayin ƙirali maimakon bashi mai ranar biya. Na san ma'aji zai ce wa zai tabbatar asara ba ta sakaci ba ce. Tambaya ce mai kyau, shi ya sa na haɗa ta biyun da ta farko: wanda ya ga lissafin duk wata shi zai yi shaida.

Shi yaron, na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, da sharaɗin ba suna. Ranar da ya yi mini magana na rufe ofis na raka shi wurin ɗaya daga cikin iyayenmu mata masu shigo da kaya. Ta duba takardun, ta nuna masa inda lambar ta saɓa, ta kira wanda ya kamata a kira, ta kuma ce ba za ta ƙara sa hannu ba sai ya je ya gaya wa matarsa. Kwantenar ta fito bayan kwana tara. Ribar da ya sa rai duk ta tafi a kuɗin kwanan kaya, har ta taɓa uwar kuɗi kaɗan. Mai bashin ya yarda a raba masa biyan gida uku. Sunansa na nan a rajista, ban ja layi ba, kuma ya biya na wannan watan.

Duk dattijo ko dattijuwar da ke son a rubuta sunansa cikin masu karɓar sabon shiga, ina ofis kowace Alhamis bayan la'asar, kafin ranar taro.